Yadda za ka ajiye manyan bidiyoyinka nesa da shagonka kafin tsautsayi ya zo

'Yan uwa masu ɗaukar biki da masu tace bidiyo, musamman na nan Jos, dan Allah a ba ni aron hankali, magana ce da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Wata damina da ta wuce na tashi daga shago da yamma na bar kwamfuta tana kwafin aiki, had-diski biyu a jone, duka a kan ekstenshan ɗaya. Kun san ruwan Jos in ya zo da tsawa. Da safe na zo na tarar da warin ƙauri a ɗakin, kwamfuta ba ta tashi, diski ɗaya ko motsi ba ya yi, ɗayan kuma sai ƙas-ƙas-ƙas yake. Bikin wata baiwar Allah ne a ciki, daga kamu har dina, kuma na riga na goge memori saboda wani aikin ya shigo. Har yau in na haɗu da mahaifinta a masallaci sai in ji nauyi ya kama ni, ya ce ya yafe amma ni abun bai bar zuciyata ba. A lokacin wallahi ganin kaina nake ina da bakof, tunda kwafi biyu gare ni. Ashe kwafi biyu a tebur ɗaya duk kwafi ɗaya ne, abun da ya sami wannan shi zai sami wancan.

Toh shi ya sa nake so mu yi maganar ajiye kwafi a wani wuri daban. Wuta, ɓarawo, ambaliya, tsawa, duk ba sa tambayar diski nawa ka saya, ɗakin suke shiga gaba ɗaya. Wanda ya girma a garin nan ya san gobarar babbar kasuwar Terminus ta watan Fabrairun 2002, mutum da kayan shago da na sito duk a rufi ɗaya suka tafi. Kuma mu a nan akwai wani abu da ba mu son tunawa amma dole a faɗa, wato ranar da za a sa dokar hana fita, shagonka yana tsallake kai kana gida, kastoma kuma yana kira daga Abuja yana son aikinsa.

Masu harkar hoto suna da wata ƙa'ida da ake ce mata 3-2-1, wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ne ya yaɗa ta. Kwafi 3, a kan na'urori iri 2, sannan 1 ya kasance nesa da inda kake aiki. Mu galibi muna cika na farko da na biyu, na ukun ne muke tsallakewa, alhali shi ne mai ceton mutum.

Kafin ka ce ai sai kawai in ɗora a intanet, zauna ka yi lissafi tukuna, don a nan ne da yawa suke yaudarar kansu. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan 100Mbps tana cin 45GB a awa ɗaya. Biki ɗaya da kyamara biyu, kowacce ta yi awa shida tsakanin kamu da ɗaurin aure da walima da dina, kaga 540GB kenan, ya haura rabin tera (tera ɗaya 1000GB ce), ba a ma sa diron ba. In kuwa kana ɗauka da tsarin bidiyo mai nauyi irin ProRes 422 HQ a 4K to awa ɗaya kaɗai ta haura 300GB. Yanzu duba ƙarfin ɗorawa na layinka, na ɗorawa nake nufi fa, don lambar da ake tallatawa kusan kullum ta saukewa ce. In kana samun 10Mbps cif ba yankewa, 4.5GB za ka ɗora a awa, wato bikin nan ɗaya zai ci awa 120, kwana biyar dare da rana, ba ɗauke wuta ba faɗuwar sabis, kuma ba mu ma yi maganar kuɗin data ba. Tera ɗaya kuwa kwana tara da ɗoriya. Ko Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam, da ya shigo Najeriya a farkon 2023, saukewarsa ce mai gudu, ɗorawarsa ba ta kama ƙafarta ba. Shi ya sa ni a ganina, ga mai ƙaramin situdiyo a Jos, hanya mafi sauri ta tura rabin tera zuwa nesa ita ce ka sa diski a jaka ka hau keke Napep.

Ga yadda nake yi. Ina da diskin aiki, wanda nake editin a kansa, SSD ne, wato diskin da ba abun da ke juyawa a cikinsa, saboda gudu. Sai diski na biyu a shago, babba mai juyawa, shi kuma kwafi kawai yake karɓa, da na gama kwafin sai in cire kebul ɗinsa gaba ɗaya in sa shi a durowa, kar ka bar shi a jone, wannan darasin da tsada na saye shi. Sai kuma wasu biyu iri ɗaya da na manna wa takarda, ɗaya na rubuta A ɗaya B. Kullum ɗayansu yana gidan yayana a Bukuru, ɗayan yana wajena. Ranar Juma'a da safe sai in zuba sabbin ayyukan sati a wanda ke hannuna, bayan an sauko daga masallaci in kai shi can in karɓo ɗayan. Sati na gaba a juya. Amfanin biyu shi ne babu ranar da duka kwafin suke haɗuwa a ɗaki ɗaya, don in guda ɗaya ne gare ka to ranar da ka ɗauko shi don ka sabunta, ranar ba ka da komai a waje, kuma tsautsayi ba ya sallama. In aikin mai nauyi ne, irin na kamfani ko bikin manya, ba na jiran Juma'a, a ranar nake tura yaro da shi.

Wajen zaɓen gida kuma ka yi tunani. Maƙwabcin shagonka bai isa ba, gobara ɗaya ce za ta haɗa ku. In kana Bauchi Road nemi wani a Bukuru ko Rayfield, in kana da mai zuwa Abuja a kai a kai ma ya fi, ko sau ɗaya a wata ne. Mutum mai amana, ɗakin da ba ya yoyo, sama da ƙasa ba a kan siminti ba, inda yara ba za su ɗauka su jona a talabijin ba. Ka sa diskin a 'yar jakarsa mai soso, ka jefa irin ƙullin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka ɗaure a leda mai zif saboda ƙurar hunturu. A hanya kuma kar a jefa shi a but ɗin mota ko a ɗaure bayan mashin, diski mai juyawa faɗuwa ɗaya ta ishe shi.

Maganar sayen diskin. Ka sayi sananne, Seagate ko WD ko Toshiba, a wajen wanda zai ba ka rasit. In ka ga ana tallar wani ɗan ƙaramin abu wai 16TB a kuɗin filash, ka wuce, na jabu ne, an yi masa dabara ne yana nuna girman da ba shi da shi, za ka yi ta zubawa yana karɓa, ranar buɗewa ka ga fayil ba komai ciki. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw, tana cika diskin da bayanai sannan ta karanta ta faɗa maka girmansa na gaskiya, tana ɗaukar lokaci amma ka yi haƙuri ka bar ta ta gama kafin ka ɗora amanar mutane a kai. Kar kuma ka tsorata in diskin 2TB ya nuna 1.81TB a Windows, wannan bambancin lissafi ne kawai. Abu ɗaya da nake roƙo, na ajiyar dogon zango kar ka yi shi da SSD ko filash ko memori, su da caji suke riƙe bayanai, in suka daɗe a durowa ba a jona su wuta ba cajin yana iya zurarewa a hankali. Mai juyawa ya fi arha a kowace tera, kuma ya fi dacewa da zama. Masu ɗimbin aiki irin gidajen talabijin kaset ɗin LTO suke amfani da shi, LTO-8 yana ɗaukar 12TB, LTO-9 kuma 18TB, kaset ɗin ba tsada sosai amma na'urar karanta shi ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, don haka na bar shi a nan.

Fomat kuma, kar ka bar shi a FAT32, ba ya karɓar fayil ɗin da ya haura 4GB. In Windows kaɗai kake aiki da ita NTFS za ka yi. In kana haɗawa da Mac sai exFAT, amma ka sani shi exFAT ba ya jure a zare shi ana cikin rubutu, in aka ɗauke wuta a tsakiyar kwafi yana iya rikicewa, don haka ka yi kwafin da laftof mai caji ko a kan inbata, kuma kullum ka fitar da shi ta hanyar da ta dace kafin ka ja kebul.

Yanzu shi kansa kwafin, don nan ma akwai rami. Ja ka sauke da muke yi da linzami ba ya tabbatar maka abun da ya isa can daidai yake da na asali. Fayil zai nuna girmansa daidai amma ka buɗe ka ga minti na arba'in ya daskare, daidai lokacin da ake sa wa amarya lalle. Ka nemi TeraCopy ka kunna tantancewa, tana gama kwafi sai ta lissafa wata lamba ta musamman daga fayil ɗin asali da na kwafin ta gwada, in sun saɓa ta faɗa maka. Masu DaVinci Resolve kuna da Clone Tool a shafin Media, aikinsa kenan, kyauta. Don sabuntawa ta sati-sati kuma FreeFileSync nake amfani da ita, tana duba me ya ƙaru ta kwafe shi kaɗai. Amma dan Allah a kula, tana da zaɓin Mirror da na Update. Mirror in ka goge abu a diskin aiki zai je ya goge shi a na ajiya ma, Update kuwa ƙarawa kawai yake. Ni Update nake bari. Kuma ƙa'idata ita ce ba na fomat ɗin memori sai na ga kwafi biyu da aka tantance, ko da kuwa sai na ari memori a wajen abokin sana'a don aikin gobe.

Sunan folda ma ka gyara shi tun yanzu. Shekara, wata, rana, sai sunan aikin, misali 2024-12-21 sannan unguwa ko sunan dangin. A ciki ka ware ɗanyen ɗauka daban, sauti daban, fayil ɗin furojet, wato wanda manhajar editin ke ajiye aikinka a ciki, daban, wanda aka gama daban. Shekara uku nan gaba in wani ya kira ya ce Malam bikin ƙanwata da ka ɗauka, ba za ka zauna kana buɗe folda goma masu suna sabo da sabo na ƙarshe ba.

Sai maganar da na fi ba muhimmanci bayan nisa, wato sirri. Abun da ke cikin diskin nan matan mutane ne da 'ya'yansu, a wajen kamu da sa lalle, wuraren da ko maza ba a bari su shiga, an yarda da kai ne aka bar ka ka ɗauka. Diskin da zai riƙa yawo a keke duk sati yana iya ɓata, kuma in ya faɗa hannun marar tsoron Allah gobe sai ka ga 'yar mutane a TikTok. Ka kulle shi. Mai Windows Pro yana da BitLocker, danna dama a kan diskin ka kunna, zai ba ka lambar ceto mai lamba 48. Wanda ba shi da Pro ya sauke VeraCrypt, kyauta ce. Sai dai ka riƙe wannan da kyau, in kalmar sirrin ta ɓata kuma ba ka da lambar ceto, babu injiniyan da zai buɗe maka, ko a Legas ko a Dubai. Rubuta ta a takarda biyu, ɗaya a gidanka ɗaya wajen wanda ka yarda da shi, kar kuma ka manna ta a jikin diskin. Mu tuna rai ma na Allah ne, ya kamata a sami mutum ɗaya da zai iya buɗe wa mutane kayansu in ba ka nan.

To ma'ajiyar intanet fa, wadda ake ce wa kilawud, ba ta da amfani kenan? Tana da shi sosai, sai dai ka zaɓi abun da za ka ɗora. Ɗanyen ɗauka ya tafi Bukuru a diski. Abun da ke hawa intanet shi ne aikin da aka gama tacewa, da fayil ɗin furojet, da sautin da aka gyara. Bidiyon awa ɗaya a 1080 kan 20Mbps 9GB ne kawai, awa biyu ya hau in layin yana ba da 10Mbps, ka sa shi da daddare lokacin da sabis ya fi sakewa. Fayil ɗin furojet kuwa 'yan megabait ne amma wahalar sati biyu ce a cikinsa, shi kam kullum ka ɗora kafin ka rufe shago.

Google Drive na ba da 15GB kyauta wanda ake rabawa da Gmail da hotunanka, sama da haka sai ka biya, kuma ba ya barin mutum ya ɗora fiye da 750GB a rana, ko da yake mu da wuya mu kai nan. Wanda ajiyarsa ta kai teroci gara ya duba Backblaze B2 ko Wasabi, a 2024 kuɗinsu wajen dala 6 zuwa 7 ne a kowace tera duk wata, sai dai Wasabi ko ka goge fayil da wuri sai ka biya kuɗin kwana 90. Akwai kuma Glacier Deep Archive na Amazon, shi arharsa har mamaki take ba mutum, kusan dala 1 a tera duk wata, amma ka karanta sharaɗin da kyau: in kana son kayanka sai ka jira awa 12 zuwa 48, mafi ƙarancin zama kwana 180, kuma saukewa ita ce mai cizo, tera ɗaya tana iya cin wajen dala 90. Wannan na abun da kake fatan ba za ka taɓa nema ba ne. Farashin nan duk yana canzawa, ka leƙa shafinsu kafin ka yanke shawara, kuma tunda da dala ake biya ka tabbata katinka yana wucewa duk wata, don in biya ya tsaya ya daɗe suna iya share kayan. Shi ma akawun na Google in ka bar shi shekara biyu ba ka shiga ba suna da ikon goge shi, tun Disambar 2023 suka fara aiki da wannan.

Wajen ɗorawa kar ka dogara da burauza, sabis na yankewa a kashi casa'in sai ka koma farko. Ka sa manhajar kamfanin a kwamfuta, ko ka koyi rclone, rubutu ake yi mata a baƙin allo amma ba wuya kamar yadda ake tsoro, in ta katse ka sake kunnawa sai ta tsallake waɗanda suka riga suka hau. A nan ma rclone copy za ka rubuta, don rclone sync tana goge abun da ba ta gani a ɓangarenka ba. Tana kuma iya kulle fayil kafin ya bar kwamfutarka. Kuma kar ka ɗauka intanet ɗin wani sama ne da ba abun da ke taɓa shi, kwamfutocin wasu ne a wani gini, a watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Faransa, waɗanda can kaɗai suka ajiye kayansu suka rasa. Kwafi ɗaya ne daga cikin uku, shikenan.

Wasu abubuwan kuma da nake jin yara suna kira bakof, bari in faɗa a gurguje. Tura wa kanka a WhatsApp, yana matse bidiyon ya lalata shi. YouTube ma sake sarrafa shi yake, abun da za ka sauke ba shi ka ɗora ba. Telegram yana tsayawa a 2GB kowane fayil, 4GB ga masu biya, kuma akawun ɗin yana rataye ne a layin wayarka. WeTransfer na aikawa ne, bayan 'yan kwanaki ya goge. Foldar da ke daidaita kanta da intanet ita ma ka yi hattara, in ka goge a nan ta goge a can, kwandon sharar Google Drive kwana 30 kawai yake riƙewa. Haka akwatin nan mai diski biyu ko huɗu da ake haɗawa da RAID, yana taimako in diski ɗaya ya mutu, amma ɓarawo da hannu ɗaya zai ɗauke shi, kuma bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa duk abun da ke jone yake bi.

Na san tambayar da ke ranka, wa zai biya kuɗin diskokin nan. Kastoma mana. Ka sa kuɗin ajiya a cikin farashin aiki tun farko, ka faɗa masa a fili: Alhaji, ɗanyen ɗauka zan riƙe maka shekara ɗaya, wanda aka gama shekara biyar, in kana son ɗanyen ya zama naka har abada kawo diski in zuba maka. Ka rubuta a jikin rasit. Yawancinsu in ka yi bayani suna yarda, wasu ma daɗi suke ji, kuma kaga diskin da ke gidan Alhaji ya zama ƙarin kwafi a wata unguwar. Kai ma ka sami damar share tsofaffi da hujja in wa'adi ya cika, maimakon ka yi ta tara diski har durowa ta ƙi rufuwa.

Sai gwaji, wanda shi ne kowa ke mantawa. Duk wata uku na ware rana ɗaya, in ɗauko diskin Bukuru in jona a wata kwamfutar da ba tawa ta aiki ba, in sa kalmar sirri daga takardar da na rubuta don in tabbata takardar daidai take, in zaɓi biki biyu ko uku ba tare da tsari ba in buɗe, in ja gaba in ja baya har ƙarshe. Sai in kunna CrystalDiskInfo in duba lafiyar diskin, in ta nuna shuɗi alhamdulillahi, in ta nuna ruwan ɗorawa a satin nan nake sayen wani in kwashe, ba na jiran ya fara ƙara. Daga intanet ma in sauke fayil ɗaya in kalla. Diskin da ya kai shekara huɗu zuwa biyar yana aiki kuma ina sauke shi daga ajiya ko da bai nuna komai ba, ya koma na kai wa kastoma aiki. Ina da ɗan littafi mai bangon kwali a durowa, duk Juma'a ina rubuta kwanan wata, wane diski ne ya tafi, A ko B, da aikin ƙarshe da ya shiga cikinsa, yayana ma yana da irinsa a can yana sa hannu in ya karɓa.